Yadda Ake Gina Wurin Aikin da Ake Ɗaukar Alhaki Kuma Ake Damawa da Kowa

Duk wanda ya kama aiki a sabon wuri yana koyon dokoki iri biyu. Akwai waɗanda aka miƙa masa a rubuce ranar da ya zo, akwai kuma waɗanda yake tsinta da idonsa da kunnensa cikin makonnin farko: wa ake saurara a taro, wa ake katse wa magana, me ya sami wanda ya kawo rahoton matsala, wane ne kuma yake aikata laifi a kau da kai. Waɗannan na biyun su ne ainihin al'adar wurin, kuma su ma'aikaci yake bi a duk lokacin da suka ci karo da abin da ke cikin takarda.

Shugabanni da yawa suna kallon neman ba'asi a matsayin tsanani, damawa da kowa kuma a matsayin sassauci, sai su yi ta ƙoƙarin ɗebo kaɗan daga nan da kaɗan daga can. A ganina wannan fahimtar ce take ɓata aikin tun daga tushe, domin ɗayan ba ya tsayuwa sai da ɗayan. Ba adalci ba ne a tuhumi mutum kan aikin da ba a ba shi baki a cikinsa ba, kuma shugaban da muryar na ƙasa ba ta isa kunnensa ba shi da hanyar sanin gaskiyar abin da zai tuhumi kowa a kai. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda ya fi dacewa a bi su, ko wurin kamfani ne, ko asibiti, ko makaranta, ko ma'aikatar gwamnati, ko ƙungiyar sa-kai.

Mataki na farko: a san halin da ake ciki

Abin da aka fi gaggawar yi shi ne rubuta sababbin manufofi a manna a bango, alhali ba a san ciwon da ake neman magancewa ba. Ya kamata shugaba ya ware makonni huɗu zuwa shida yana sauraro kawai. Ya zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya: mene ne yake hana ka yin aikinka yadda ya kamata, wa kake faɗa wa idan ka ga matsala kuma me ya biyo baya a karo na ƙarshe da ka faɗa, wace shawara aka yanke da ta shafi aikinka ba tare da an tuntuɓe ka ba. Kada zaman ya tsaya kan shugabannin sassa. Direbobi, masu gadi, masu shara, ma'aikatan wucin gadi da masu aikin dare sukan ga abubuwan da ba sa taɓa shiga rahoto.

Da yake ba kowa ne zai faɗi ta cikinsa a gaban shugaba ba, a haɗa da takardar tambayoyi wadda ba a sa suna, a kuma lura da ƙananan sassa, inda za a iya gane mai amsa ko bai sa sunansa ba. Irin waɗannan a haɗe amsoshinsu da na wasu. Sannan a buɗe kundin ma'aikata a duba shekaru biyu ko uku da suka wuce: su wa suka ajiye aiki kuma daga wane sashe, su wa aka ƙara wa girma, su wa aka tura horo, su wa aka ba takardar tuhuma. Idan sashe guda ne yake ta zubar da mutane, ko rukuni guda ne kullum ake tuhuma, an riga an sami bakin zaren.

Abin da aka gano a dawo da shi gaban ma'aikata cikin lokacin da aka yi musu alkawari, har da mai ɗacin, a zaɓi abu biyu ko uku da za a fara gyarawa. Tambayar mutane ra'ayinsu sannan a yi shiru ta fi rashin tambayar ɓarna, domin daga ranar sun koyi cewa magana ba ta da amfani.

Mataki na biyu: kowane aiki ya kasance da mai shi

Yawancin abin da ake kira rashin ɗaukar alhaki rashin fayyacewa ne. An tashi taro kowa yana zaton wani ne zai yi, wa'adi ya cika, sai a shiga nuna wa juna yatsa. Maganin wannan ba shi da wuya, sai dai yana buƙatar naci. Duk aikin da aka amince a yi, a rubuta sunan mutum ɗaya da zai ba da ba'asinsa, da abin da ake so a gani idan an kammala, da ranar da za a kammala, da ranar da za a zauna a duba inda aka kwana kafin wa'adin ya cika. Mutane goma suna iya taimakawa, amma sunan da ke gaban aikin ɗaya ne. Rubuta sunan kwamiti ko sunan sashe a wannan gurbin daidai yake da barin gurbin babu kowa.

Alhaki kuma ba ya tafiya sai da iko. Idan an ɗora wa mutum aiki, amma kuɗin yana hannun wani, sa hannun yana wurin wani, ma'aikatan kuma suna karɓar umarni daga wani, to ba a ba shi aiki ba, an dai tanade shi domin a shafa masa kashin kaji idan abu ya lalace. Saboda haka a lokacin ba da aikin a tambaye shi abin da yake buƙata, da abin da yake ganin zai iya kawo cikas, da ko wa'adin mai yiwuwa ne. A nan ne damawa da mutum take fara haifar da ɗaukar alhaki, domin wanda aka yi shawara da shi wajen tsayar da wa'adi yana jin nauyin cika shi fiye da wanda aka jefo wa rana daga sama.

Sai a yi hattara da ma'aunin da ake auna mutane da shi, domin ma'auni mara kyau yana iya mayar da mutanen kirki masu maguɗi. A shekarar 2016 hukumomi a Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan da ta bayyana cewa ma'aikatansa sun buɗe asusun ajiya da katunan bashi kimanin miliyan biyu da sunayen abokan hulɗa ba tare da izininsu ba. Ma'aikatan suna cikin matsin cika adadin cinikin da aka yanka musu, kuma bankin ya sallami kusan mutum 5,300 cikin 'yan shekaru kan wannan batu yayin da matsin ya ci gaba. An yi ta hukunta na ƙasa, alhali ma'aunin da ke haifar da laifin yana nan daram. Duk adadin da za a ɗora wa ma'aikaci a haɗa shi da ma'aunin inganci da na gaskiya, a kuma tambayi masu yin aikin tun da wuri ta wace hanya wani zai iya cika adadin ba tare da ya yi aikin ba. Su suka fi kowa sanin amsar.

Mataki na uku: shugaba ya fara da kansa

Neman ba'asin da yake gangarowa ƙasa kawai, ba ya hawa sama, tsoro yake haifarwa, tsoro kuma ɓoye-ɓoye yake koyarwa. Shugaba ya bayyana wa ma'aikata abubuwan da shi ma ya ɗauki alkawarin yi, da ranakunsu, ya kuma dawo ya faɗi wanda ya cika da wanda bai cika ba da dalili. Idan shawarar da ya yanke ta jawo asara, ya ambace ta da bakinsa kafin wani ya ambata, ba tare da ya raɓa laifin ga mataimakinsa ko ga yanayi ba. Dokar zuwa aiki kan lokaci, da ta kashe kuɗin ofis, da ta amfani da kayan ma'aikata, su hau kansa kamar yadda suka hau kan kowa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda fuskarsa take kasancewa a lokacin da aka kawo masa mummunan labari. Lokacin da Alan Mulally ya karɓi shugabancin kamfanin motoci na Ford a 2006, shekarar da kamfanin ya yi asarar sama da dala biliyan 12, ya kafa taron mako-mako inda kowane babban jami'i zai nuna halin da ayyukansa suke ciki da launi: kore idan lafiya, rawaya idan akwai damuwa, ja idan akwai matsala. Makonni aka yi kowa yana nuna kore, a kamfanin da ke zubar da kuɗi. Da ɗaya daga cikin jami'an, Mark Fields, ya yi ƙarfin hali ya nuna ja kan wata sabuwar mota da aka dakatar da fitar da ita saboda tangarɗa, Mulally tafa masa ya yi, ya tambayi sauran wa zai iya taimakawa. Bayan haka launuka suka fara bayyana a rahotannin sauran jami'an, Fields kuma shi ya gaji Mulally a 2014. Ma'aikata suna lura da abin da ya sami mutum na farko da ya faɗi gaskiya, daga nan suke yanke shawarar ko su ma za su faɗa.

Hanya mai sauƙi ta fara wannan ita ce shugaba ya riƙa tambayar na ƙasa da shi, a keɓe, abu ɗaya da yake yi wanda ke wahalar da aikinsu. Amsar farko takan zo da kara da kawaici. Idan ya karɓe ta ba tare da kare kansa ba, ya kuma gyara wani abu da za a gani, ta biyu za ta fi ta farko gaskiya.

Mataki na huɗu: a rarrabe kuskure da sakaci da ganganci

A nan ne aikin ya fi wuya, a nan ne kuma wurare da yawa suke faɗuwa, wasu ta hanyar hukunta kowane kuskure, wasu ta hanyar yafe kowane laifi. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a wani bincike da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar da abin da ba ta zata ba: rukunonin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci da fahimtar juna su ne suke da yawan kurakuran ba da magani a rubuce. Da aka zurfafa, sai alamu suka nuna cewa sun fi sauran yarda su kawo rahoton kuskure ne, yayin da rukunonin da ake tsoron shugaba suke rufewa. Darasin ga kowane shugaba shi ne, sashen da ba a taɓa jin matsalarsa ba ya fi cancantar a sa masa ido.

Masana harkar kare haɗurra, irin su James Reason da David Marx, sun shimfiɗa hanyar da ta dace da kowane irin wurin aiki. Idan abu ya lalace, a fara tantance wane irin hali ne ya jawo shi. Akwai kuskuren ɗan Adam, wanda mutum bai nufa ba, kamar mantuwa ko tuntuɓen hannu ko karanta lamba ba daidai ba. Mai wannan a kwantar masa da hankali, a gyara tsarin da ya bar ƙofar kuskuren a buɗe. Akwai bin gajeriyar hanya, inda mutum ya saba tsallake wata ƙa'ida domin bai ga haɗarinta ba, ko domin kowa haka yake yi, ko domin lokacin da aka ba shi ba ya isa. Mai wannan a zauna da shi a nuna masa haɗarin, a kuma binciki abin da ya sa gajeriyar hanyar ta fi ta ƙa'ida sauƙi. Akwai kuma ganganci, inda mutum ya san haɗarin sarai ya yi biris, ko ya yi ƙarya, ko ya ɓoye, ko ya ci amana; wannan shi ne gurbin hukunci, kuma a nan sassauci zalunci ne ga sauran ma'aikata.

Tambayar da take taimakawa wajen tantancewa ita ce: da a ce wani ma'aikacin mai irin wannan ilimi da gogewa ne aka sa a wannan wuri, da wannan kayan aiki, da wannan matsin lokaci, shin zai iya yin abin da wannan ya yi? Idan abokan aikinsa suka ce lalle suna iya yi, to matsalar tana cikin tsari, kuma korar mutum ɗaya ba za ta hana abin maimaituwa ba. A kuma kiyaye kada girman asarar ya zama shi ne ma'aunin hukunci. Mutum yana iya yin ganganci Allah Ya kiyaye ba a yi asara ba, wani kuma ya yi ƙaramin kuskure asara ta zo babba. Halin ake dubawa.

Domin wannan ya zama jiki, a mayar da bitar aiki abin yau da kullum, kada ta zama zaman da ake kira sai an yi ɓarna. Bayan kowane babban aiki, ko ya yi kyau ko bai yi ba, waɗanda suka yi shi su zauna su amsa tambayoyi huɗu: me aka yi niyyar yi, me ya faru a zahiri, me ya kawo bambancin, me za a sake a karo na gaba. Rundunar sojin Amurka ta daɗe tana amfani da wannan tsari, kuma ƙa'idarsa ita ce muƙami ba ya hana a faɗi abin da aka gani. A rubuta abin da aka koya, a ba wani alhakin aiwatar da gyaran, kamar yadda aka bayyana a mataki na biyu.

A kuma ba na ƙasa ikon tsayar da aiki idan ya ga illa. A masana'antun Toyota ma'aikaci yana iya jan igiya ya kira shugaban rukuninsa, har layin haɗa motoci ya tsaya idan ba a warware matsalar nan take ba. Lokacin da Toyota da General Motors suka sake buɗe wata masana'anta a Fremont ta jihar Kalifoniya a 1984, wadda aka rufe a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen rashin inganci da rashin zuwa aiki, yawancin ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan wurin ne. Cikin ɗan lokaci motocinsu suka shiga sahun mafi inganci a kamfanin General Motors. Mutanen ba su canza ba, yadda ake tafiyar da su ne ya canza.

Idan kuwa gyara ya zama dole, a yi shi da wuri, a keɓe, a kan takamaiman abin da ya faru da illar da ya jawo, ba a kan halittar mutum ko asalinsa ba, a kuma ba shi damar faɗin nasa ɓangaren kafin a yanke komai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mai gyaran ya nuna haka a lafazinsa. Tara wa mutum laifuffuka har ƙarshen shekara sannan a zazzage masa su ranar auna ƙwazo ba gyara ba ne, kwanton ɓauna ne.

Mataki na biyar: a gyara yadda ake taro da yanke shawara

A ɗakin taro ake gane ko damawa da kowa gaskiya ce ko jeka-na-yi-ka. Ana iya tara mutane iri-iri a ɗaki guda, maza da mata, manya da matasa, amma mutum uku ne suke magana, sauran kuma 'yan amshin shata. Wani bincike da Anita Woolley da abokan aikinta suka wallafa a 2010 ya nuna cewa rukunonin da mutane kaɗan suka mamaye magana a cikinsu ba sa kai waɗanda ake karɓa-karɓar magana ƙwazo wajen warware matsaloli iri daban-daban.

Shirun na ƙasa yana iya cin rai. A ranar 27 ga Maris 1977 jiragen sama biyu suka yi karo a kan titin tashi na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan ɗaya daga cikin jiragen ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, babban matuƙin ya amsa da tabbaci cewa ya bari, ba a sake ja da shi ba. Wannan haɗari da wasu irinsa suka sa kamfanonin jiragen sama suka fara horar da matuƙa yadda na ƙasa zai ƙalubalanci na sama a fili, da yadda na sama zai nemi a ƙalubalance shi. Haka nan takardar tantance matakan tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi cewa kafin a fara aiki kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, domin wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi samun sauƙin sake buɗewa idan ya ga abin da bai dace ba.

A aikace, a tura ajanda da takardu kwana ɗaya ko biyu kafin taro, saboda wasu sai sun yi tunani a natse suke iya magana. Kan batu mai muhimmanci kowa ya rubuta ra'ayinsa tukuna, sannan a zagaya a ji, a fara da mafi ƙanƙantar muƙami, shugaba ya yi magana a ƙarshe. Da zarar ya riga kowa faɗin matsayinsa, abin da zai biyo baya yabo ne kawai. Idan aka katse wa wani magana, mai jagorantar taron ya mayar masa da ita. Idan wata ta kawo shawara aka wuce, can wani ya maimaita aka yaba, a ambaci wadda ta fara kawowa. Masu halarta ta intanet a kira su da suna, domin su aka fi mantawa. Lokacin taron ma a duba shi, kada ya zama kullum a sa'ar da masu renon yara ko masu aikin dare ba za su iya zuwa ba.

Damawa da kowa ba ta nufin sai kowa ya yarda kafin a motsa. Tun farkon zama a faɗi wanda zai yanke hukunci, da ko ana neman shawara ne ko ƙuri'a za a kaɗa. Bayan an yanke, a dawo a bayyana dalili, musamman ga waɗanda ba a ɗauki ra'ayinsu ba. Mutane suna iya haƙura da shawarar da ba ta yi musu daɗi ba idan sun tabbata an saurare su da gaske.

Mataki na shida: a toshe ƙofofin son kai

Ɗaukar aiki, ƙarin girma, albashi, horo da rabon manyan ayyuka su ne inda ma'aikata suke auna adalcin wuri. Son kai a nan ba lalle ne ya zo da mugun nufi ba, sau da yawa mutum yana karkata ne ga wanda ya yi kama da shi ba tare da ya lura ba. Masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu ɗaukar ma'aikata a biranen Boston da Chicago, suna sauya sunayen da ke kansu, kuma sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna cewa sunayen da aka fi sani da farar fata sun sami kiran ganawa da kashi 50 cikin ɗari fiye da sunayen da aka fi sani da baƙar fata. A wata ƙasar abin da ke raba mutane zai iya zama ƙabila, ko addini, ko jinsi, ko makarantar da aka yi, amma hanyar rigakafin ɗaya ce.

A tallata kowane gurbi a fili. A rubuta sharuɗɗan cancanta kafin a ga sunayen masu nema. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a ganawa, masu tantancewa su fi mutum ɗaya, kowannensu ya ba da makinsa shi kaɗai kafin su tattauna. Sharuɗɗan ƙarin girma da matakan albashi su kasance a rubuce inda kowa zai gani, kuma sau ɗaya a shekara a kwatanta albashin masu aiki iri ɗaya a gyara bambancin da ba shi da hujja.

Akwai wani rabo da ba a cika lura da shi ba. Ayyukan da ke fito da mutum, kamar gabatar da rahoto a gaban manya ko jagorantar sabon shiri, sukan tafi ga 'yan gaban goshi, ayyukan da ba a gani kuma, kamar rubuta bayanan taro da shirya ɗaki da horar da sababbi, su taru kan mutane kaɗan, galibi mata da ƙananan ma'aikata. Shugaba ya riƙe lissafin wa ya sami me, ya riƙa juya duka biyun. Masu naƙasa kuma a tambaye su abin da suke buƙata maimakon a yi musu zato. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta ɗauki hana su gyare-gyaren da suka dace a matsayin wariya, kuma yawancin gyaran, kamar sauya wurin zama ko lokacin aiki ko samar da manhajar karanta rubutu, ba ya fin ƙarfin wurin aiki.

Mataki na bakwai: hanyar ƙorafi da kare mai ƙorafi

Dole a sami hanyar kai ƙara fiye da ɗaya, domin sau da yawa shugaban da ya kamata a kai wa ƙarar shi ne ake ƙara. A fayyace cikin kwana nawa za a amsa, wa zai yi bincike, yadda za a riƙe sirri, da yadda za a saurari wanda ake zargi. Mai binciken kada ya kasance a ƙarƙashin wanda ake bincika. Yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019, ta tabbatar da haƙƙin kowa na yin aiki ba tare da cin zarafi ko tsangwama ba, ta kuma haɗa da masu koyon aiki da masu neman aiki da 'yan sa-kai. Yana da kyau a daidaita dokokin cikin gida da ita da kuma dokar ƙwadago ta ƙasar da ake ciki. Bayan an rufe ƙara, a ci gaba da lura da mai ƙorafin na tsawon watanni, saboda bi-ta-da-ƙulli yakan zo a ɓoye: canjin wurin aiki ba dalili, cire suna daga taro, ko maki mara kyau a ƙarshen shekara.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce ta gwanin ma'aikaci mai wulaƙanta mutane, wanda yake kawo riba ko yake da ɗaurin gindi. Ina da yaƙinin cewa duk abin da aka gina a matakan baya yana rushewa ranar da aka kau da kai daga irin wannan mutum, domin kowa zai gane akwai shafaffu da mai. A gaya masa a fili abin da zai daina, a ba shi wa'adi da taimako, idan bai canza ba a bi matakan ladabtarwa har zuwa sallama, kamar yadda za a yi wa kowa.

Mataki na takwas: bin diddigi

Bayan wata shida a maimaita tambayoyin mataki na farko ba tare da an sauya su ba, domin a iya kwatantawa, a kuma rarraba amsoshin bisa sashe da jinsi da muƙami da daɗewa a aiki, tunda matsakaicin maki yana iya yin kyau alhali wani rukuni yana cikin ƙunci. A duba yawan masu ajiye aiki, da yawan alkawuran taro da aka cika kan lokaci, da tsawon lokacin da ƙara take ɗauka kafin a warware ta. Idan rahoton kurakurai da ƙorafe-ƙorafe ya ƙaru a shekarar farko, kada a firgita ko a nemi wanda za a ɗora wa laifi, domin galibi alama ce ta cewa mutane sun fara yarda da tsarin. Abin dubawa shi ne ko matsala iri ɗaya tana ta dawowa bayan an ce an gyara ta.

Shugabannin tsakiya su ne ma'aikaci yake gani kullum, don haka a horar da su yadda ake ba da aiki, da yadda ake gyara, da yadda ake jagorantar taro, a kuma sa yadda suke riƙe mutanensu cikin abin da ake dubawa kafin a ƙara musu girma, tare da jin ta bakin waɗanda ke ƙarƙashinsu. Sakamakon kowane zagaye na bin diddigi a gabatar da shi ga dukkan ma'aikata, tare da abu biyu ko uku da za a gyara a zagaye na gaba, da sunan wanda zai ba da ba'asin kowanne, da ranar da za a sake zama.